ZANCEN GIDA: Ka Tambayi Kaka Tun Tana Nan

Wani magidanci daga Furfuri, ta ƙasar Bungudu, ya rubuto mana wasiƙa. Ya ce 'yarsa ta komo daga makarantar Lahadi inda aka koya musu asalin Yesu, sai ta tambaye shi sunan kakan ubansa. Ya yi shiru, kunya ta kama shi, gama bai sani ba. Ya ce danginsu sun warwatsu, waɗansu suna Gusau, waɗansu Tsafe, waɗansu har Kano, saboda neman abinci da kuma rashin zaman lafiya. Kakarsa tana da rai, amma ta tsufa ƙwarai. Yana so ya tattara tarihin gidansu, bai san ta inda zai soma ba.

Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce. Sura tara na farkon Littafin Tarihi na Ɗaya kusan duka sunayen iyaye da 'ya'ya ne. Matiyu kuma ya buɗe Bishararsa da tsara goma sha huɗu har sau uku, daga Ibrahim zuwa Almasihu. In Allah bai raina sunayen mutane ba, don me mu za mu bar namu su ɓace?

Da fari, kada ka jira sai ka sami kuɗi ko kayan aiki. Littafin rubutu ɗaya da biro sun isa. Ka rubuta sunanka, da na matarka, da na 'ya'yanka, da ranakun haihuwa da na baftisma. Sa'an nan ka koma baya, zuwa ga iyaye da kakanni. Kowane mutum ka ba shi shafi guda: sunan yanka, laƙabi, inda aka haife shi, sana'arsa, wanda ya aura, 'ya'yansa, da inda aka binne shi. Kada ka bi gefen uba kaɗai. Bulus da ya tuna da bangaskiyar Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya ambata.

Na biyu, ka tafi wurin Kaka cikin makon nan. Ka riƙa mata goro ko sabulu, ka zauna a tabarma, kada ka yi mata tambaya kamar ɗan sanda. In kana da wayar hannu, ka nemi izninta ka ɗauki muryarta. Amma ka tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari. Kada ka matsa mata. Ka nemi waɗannan a bakin ƙanenta ko wani dattijon unguwa. Laƙabi ma yana ba da labari. Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata ne, Kande ta biyo bayan maza, Gambo kuwa bayan tagwaye. In ka ji akwai Gambo a gidanku, ka tambayi inda tagwayen su ke.

Na uku, batun shekaru. Tsofaffinmu ba su lissafi da kalanda, da abin da ya faru su ke yi. Don haka kada ka ce, "A wace shekara?" Ka ce, "Kafin mulkin kai ne ko bayansa?" Ga waɗansu turaku da za ka ɗaure labari a kansu: mulkin kai, 1960, yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi, 1972, shigowar naira da babban fari, 1973, soma ilmin firamare kyauta, 1976. In ba ka tabbata ba, ka rubuta "wajen shekara kaza". Kada ka ƙaga rana don shafi ya cika.

Na huɗu, ka nemi takardu: katin baftisma, takardar aure, takardar haraji, da abin da aka rubuta a bangon tsohon Littafi Mai Tsarki na gida. Ka roƙi fasto ya duba maka littafin ekklisiya. Kada sunayen wurare su ruɗe ka. Mutum guda, bai taɓa ƙaura ba, sai ka ga takardunsa sun ce Lardin Sakkwato, daga 1967 Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 Jihar Sakkwato, daga 1996 kuma Jihar Zamfara. Tsofaffin takardun Turawa kuma sukan rubuta Tsafe da "Chafe".

Na biyar shi ne mai wuya, wato faɗin gaskiya. Watakila ka tarar kakanka mai tsafi ne, ko kakarka 'yar bori. Watakila rabin dangi Musulmi ne. Kada ka tsallake kowa, jininka ne. Matiyu bai ɓoye Rahab ba, bai ɓoye Rut baƙuwa daga Mowab ba. Ka je gidan baffanka Musulmi da ladabi, gama zumunta a ƙafa ta ke, watakila ma shi ya fi kowa sanin asalinku. Ka rubuta wanda ya fara karɓar bishara a gidanku, da bakin da ya ji ta, da abin da ya sha saboda ita. Amma asirin mai rai, wanda zai kawo husuma, kada ka rubuta shi sai da yardarsa.

Daga ƙarshe, kada ka ajiye ƙwaya ɗaya tak. Gara tana cin takarda, gobara ba ta sallama, waya kuma takan ɓace. Ka kwafi uku, ka raba wa 'yan'uwa a garuruwa dabam dabam. Ran Kirsimati, sa'ad da aka taru, a karanta wa yara, dattawa su gyara kuskure.

Joshuwa ya sa aka kafa duwatsu goma sha biyu daga Kogin Urdun, domin ranar da yara za su yi tambaya a sami abin nuna musu. 'Yarka ta riga ta yi tambaya, ɗan'uwa. Ka gaishe mana da Kaka.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.