Sharhi: Ribar Yawon Buɗe Ido Tana Hannun Baƙin Cikin Gida

A shekarar 1992 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Bunƙasa Yawon Buɗe Ido. A 2023 aka ba harkar ma'aikata sukutum a Abuja, kana aka haɗe ta da ta al'adu a 2024. Duk tsawon wannan lokaci hankalin mahukunta ya fi karkata ga Baturen da zai zo da dala.

Abin da ke faruwa a Indiya ya isa darasi. Galibin masu cika masaukai da kasuwannin Baranasi da Ajmer 'yan ƙasar ne da suka zo ziyarar ibada. Lokacin taron Kumbh Mela na 2025 a Prayagraj, hukumar jiragen ƙasa ta ƙara dubban jigila domin jama'a, ciniki kuwa ya kai har ga mai shayi da mai kwalekwale.

Nijeriya ba ta rasa irin waɗannan baƙi ba. Ana tururuwa zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, da Hawan Sallah na Kano wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, da Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Kusa da Abuja ga Dutsen Zuma, ga maginan tukwane na Ushafa.

Amma magidancin da bai manta harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ba, ba talla zai fito da shi ba. Kamata ya yi kasafin ma'aikatar ya fara da tsaron hanya, ruwan sha, makewayi da masauki mai rahusa.