Labulen Jirgin Sama Ya Koma Cikin Wayar Matafiyi

Tafiya daga Auckland zuwa Wellington, babban birnin ƙasar Niyu Zilan, kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. In aka cire lokacin hawa da na sauka, abin da ya rage wa ma'aikatan jirgi su tura keken shayi bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba. Duk wanda ya hau jirgin Air New Zealand a wannan hanya yau, minista ne ko ɗalibi, kujera iri ɗaya zai zauna. Babu labulen nan da ake ja bayan layi na biyu ko na uku, babu faffaɗar kujerar da sauran fasinjoji ke wucewa ta gefenta suna satar kallo. Kamfanin ya cire sashen alfarma, wanda matafiya suka fi sani da bizines, daga jiragensa na cikin gida tun ƙarshen shekarar 2002, kuma har yau bai mayar da shi ba.

Matakin daidai ne, kuma kamfanoni da yawa masu gajeren zango za su amfana in suka bi sahu. Sai dai akwai wani abu da ya kamata duk mai yankar tikiti ta waya ya gane game da inda bambancin ya koma bayan an kwance labulen.

Wuya ce ta sa Air New Zealand ya yi hakan. A watan Satumban 2001 kamfanin Ansett na Ostareliya, wanda yake mallakinsa, ya durƙushe, ya kusa jan uwar kamfanin cikin rami. Sai da gwamnatin Niyu Zilan ta zuba dalar ƙasar miliyan 885, ta karɓe fiye da kashi 80 cikin ɗari na hannun jari, sannan kamfanin ya tsira. A farkon 2002 aka naɗa Ralph Norris shugaba. Mutumin daga banki ya fito, bankin ASB, inda ya yi shekaru a sashen kwamfuta kafin ya kai ga shugabancin bankin. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin abin da ya biyo baya ya fi kama da aikin mai tsara manhaja fiye da na mai sayar da kujera.

Sabon tsarin, wanda suka raɗa wa suna Express Class, ya fara aiki a watan Nuwamban 2002. An fitar da manyan kujeru daga jiragen Boeing 737, adadin kujeru ya tashi daga 122 zuwa 136. An daina ba da cikakken abinci, aka koma shayi ko kofi da ɗan biskit. An rage kuɗin tikiti, an sauƙaƙa sharuɗɗansa, aka kuma tura mutane shafin intanet su yanki tikiti da kansu, inda farashi ya fi araha fiye da ta hannun dillalai. A lokacin babu iPhone, babu Android. Jama'a suka karɓa, masu hawa jirgi a cikin gida suka ƙaru sosai, ciki har da waɗanda a da mota ce kaɗai hanyarsu.

Lissafin ba mai wuya ba ne. A jirgi mai hanya ɗaya a tsakiya, kamar 737 ko Airbus A320, layin gama-gari yana ɗaukar mutum shida, uku dama uku hagu. Layin alfarma na gaske yana ɗaukar huɗu ne kawai, kuma tazarar da ke tsakanin layi da layi ta fi faɗi. Wato filin da mutum takwas suka miƙe ƙafa a gaba zai iya ɗaukar mutum goma sha biyu zuwa sha biyar. Ga tanda ta ɗumama abinci, ga faranti da kofunan tangaran, ga nauyinsu da ke shan mai, ga lokacin da ake ɓatawa a ƙasa ana loda su. Jirgin gajeren zango kuwa da yawan sawu yake cin riba. Kowane minti da ya yi a tsaye asara ne. Sannan babbar matsalar kujerar alfarma ita ce a ɗaure take da ƙusa. Da safiyar Litinin tana iya cika da 'yan kasuwa, amma da tsakar ranar Asabar haka za ta tashi ba kowa, alhali a baya an mayar da masu neman wuri. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu mutum ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe.

To me mai kuɗi yake saya a tafiyar awa ɗaya? In aka bi a hankali, kujerar ce mafi ƙarancin daraja a cikin abin da ya biya. Abin da yake so shi ne kada ya tsaya dogon layi, ya samu wurin zama mai natsuwa da caji da intanet kafin a kira jirgi, jakarsa ta fito da wuri, ya riga kowa sauka, in taro ya ja shi kuma ya canja zuwa jirgi na gaba ba tare da cacar baki ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kafinta ko makaniki ya taɓa cikin jirgi. Duk izini ne da ake rubutawa a jikin tikiti.

Masu amfani da waya sun san wannan tsari ko da ba su taɓa shiga filin jirgi ba. Manhajar YouTube da ke wayar mai biyan Premium ita ce dai wadda ke wayar wanda ba ya biya. Ba a gina wata daban ba. Wani ɗan layi ne a rumbun bayanan kamfani yake cewa wannan asusu kada a nuna masa talla, a bar shi ya sauke bidiyo. Abin da ya faru da sashen alfarma ke nan. Da ƙarfe ne da fata da labule, yanzu ya zama alama a jikin asusun matafiyi, wadda ake kunnawa a kashe ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba.

A Air New Zealand ana ganin hakan ƙarara. Ɗakunan hutawa na Koru suna nan a filayen jiragen ƙasar ga 'yan ƙungiya da masu yawan tafiya. Layukan gaba na jirgi, musamman masu ɗan ƙarin wurin ƙafa, su ake fara buɗe wa masu babban matsayi a tsarin maki, saura kuwa su biya in suna so. Manhajar kamfanin har tana ba wanda ke da izinin shiga ɗakin hutawa damar yin odar kofi daga wayarsa. A 2010 kamfanin ya faɗaɗa wannan tunani zuwa jiragen da ke ƙetarawa Ostareliya da tsarin Seats to Suit: kujera zalla, ko kujera da jaka, ko cikakken tsari mai abinci da fim. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, an miƙa wa ɗaya tire, an wuce ɗayan. Manya suna nan, ƙanana suna nan, ido ne kawai ya daina gani daga ƙofa.

Wannan ya fi tsohon tsari adalci ta fuska ɗaya: wanda ba shi da jaka ba ya biyan kuɗin jakar wani, wanda ya ci tuwonsa a gida ba a ɗora masa kuɗin abincin da bai nema ba. Amma a nan ne kuma ya kamata a buɗe ido, domin abin da aka mayar manhaja yana da sauƙin ɓoyewa. Labule kowa yana ganinsa, kowa ya san abin da ke bayansa da kuɗinsa. Shafin biya kuwa mai tsara shi ne ke zaɓar abin da zai fito da manyan baƙaƙe, da wanda zai maƙale a ƙasa, da akwatin da zai zo an riga an danna shi. Farashin da ya jawo mutum a shafin farko sai ya yi ta kumbura a kowane mataki, jaka, zaɓin kujera, inshora, kuɗin kati, har ya iso ƙarshe ya gaji, ya ce tunda an zo nan a biya kawai.

Wannan ba zargi ba ne a iska. A 2006 kotu a Niyu Zilan ta ci Air New Zealand tarar dalar ƙasar 600,000 saboda tallace-tallacen farashi da ba su haɗa da ƙarin kuɗaɗen da dole matafiyi ya biya ba. A 2015 kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta matsa wa kamfanin lamba kan inshorar tafiya da ke zuwa an riga an zaɓa wa mai saye, sai in shi ya lura ya cire. Kamfanin ya daina. Tarayyar Turai ta riga ta sa doka tun 2008 cewa dole a nuna cikakken farashi da haraji tun farko, kuma duk wani ƙari na ganin dama sai mai saye ya zaɓa da hannunsa. Duk wanda ya taɓa rubuta fom na intanet ya san bambancin akwati a danne da akwati a buɗe kalma ɗaya ce a cikin lambobin shafi. Wannan kalma ɗayar tana iya zama miliyoyi a shekara.

Masu adawa da cire sashen alfarma suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce masu zama a gaba su ke tallafa wa na baya, don haka in an kore su tikitin talaka zai tashi. A doguwar tafiya, irin ta awa goma da ake sayar da gado a sama, akwai gaskiya mai yawa a wannan magana. A tafiyar awa ɗaya kuwa ba ta da ƙarfi, domin ɗan kasuwan bai daina hawa ba, kuma bai daina biya da tsada ba. Yana yankar tikiti a ƙurarren lokaci, yana zaɓar wanda ake iya canjawa, kwamfutar da ke tsara farashi kuma ta san da zuwansa, ta ajiye masa kujeru a farashi mai tsada tun makonni kafin ranar. Tallafin yana nan, an dai daina ba shi filin mutum biyu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Akwai matafiyin da gajeren zangon somin-taɓi ne kawai a wurinsa. Wanda ya biya maƙudan kuɗi daga Edinburgh zuwa Singafo ta Landan ba ya son a cusa shi a tsakiyar mutum biyu a awar farko ta tafiyarsa, kuma in an yi masa haka zai iya bi ta Amsterdam ko Dubai da wani kamfani. British Airways, wanda ya daɗe ba shi da sashen alfarma a cikin Birtaniya, ya shigo da shi a 2017. SAS na ƙasashen Sikandinebiya ya cire nasa a jiragen cikin Turai a 2013, sannan ya dawo da shi a 2025. Wannan ya nuna matakin ba na kowa da kowa ba ne. Kamfanin da rayuwarsa ta dogara da tara fasinjoji a babbar tasha yana da nasa lissafin. Amma a duba irin sashen da suka dawo da shi. Kujerar ita ce dai ta kowa, an bar ta tsakiya babu mutum, an ba da abinci, an rataya labule mai zamiya wanda ake matsarwa gaba ko baya gwargwadon tikitin da aka sayar a ranar. Ko masu dawo da labulen ba su yarda su sake ɗaure shi da ƙusa ba.

Akwai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su a wannan muhawara ba: dogo wanda gwiwarsa ke tokarar kujerar gaba, mai jiki, tsoho, wanda ya fito daga tiyata. Su faɗin wuri ba alfarma ba ce a wurinsu. Kamfanin da ya cire manyan kujeru ya kamata ya bar musu hanya mai sauƙi ta sayen ƙarin wurin ƙafa ko kujerar gefe a farashi mai hankali, ba sai sun yi ta kiran waya ana ajiye su a layi ba.

Kuma kada wani ya ɗauka cire labule shi ke kawo araha da kansa. A Niyu Zilan ɗin, hanyoyin manyan birane da Jetstar ke gasa a kansu tun 2009 su ne ake samun tikiti mai rahusa. Ƙananan garuruwa, inda jiragen ATR masu kujera 68 da Q300 masu kujera 50 ke zuwa, ba su da sashen alfarma ko kaɗan, amma mazaunansu sun daɗe suna kukan tsada, musamman bayan Jetstar ya janye daga waɗannan hanyoyi a 2019. Ƙarin kujeru yana rage wa kamfani kuɗin ɗaukar kowane mutum. Ko ragin zai iso aljihun matafiyi ko zai tsaya a asusun kamfani, wannan ya danganta da ko akwai wani jirgi a ƙofar gefe.

Zancen ya shafi mai yankar tikitin Kano zuwa Abuja, tafiyar da ita ma ba ta kai ta kawo ba an fara sauka. Green Africa, wanda ya fara jigila a 2021 da jiragen ATR 72, da sashe ɗaya ya shigo kasuwa, yana sayar da tikiti hawa-hawa gwargwadon kaya da damar canji, yayin da wasu kamfanonin ke riƙe da kujerunsu na gaba. Wanda ke kwatanta su a wayarsa zai fi cin riba in ya ƙi yarda da lambar shafin farko, ya bi kowane kamfani har shafin ƙarshe kafin a nemi lambar kati, da jakarsa a ciki, sannan ya duba nawa za a caje shi in ya canja rana, da kuma akwatunan da aka danna masa ba da saninsa ba.