Su a Amurka: Sabon Shiga da Koton Ƙarya

Masuntan kogin Isa, da na tafkin Madarunfa, da na Tabalak, sun san ƙugiya ba ta kamu sai da koto, wato ɗan abincin da ake soka mata domin kifi ya haɗiye ta: tana, ko fara, ko ƙaramin kifi. A ƙasar Amurka kuwa akwai miliyoyin masu fatsa waɗanda ba su haƙa ƙasa neman tana. Kanti suke shiga su sayi koton ƙarya, na roba ko na itace ko na ƙarfe, su ɗaura shi a bakin zare, su jefa ruwa, su riƙa jansa har kifi ya zaci abu mai rai ne ya kai masa cafka. Kifin da aka fi nema da wannan dabara shi ne wanda suke kira bas. Galibin masu nemansa ba sana'a suka ɗauki abin ba: ƴan kasuwa ne da ma'aikata waɗanda ke fita ranar hutu domin shaƙatawa.

Bas kifin ruwan daɗi ne, mai kore-koren baya, da baƙin zane a gefen jiki, da baki mai faɗin gaske. Asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa, daga baya aka kai irinsa Japan da Maroko da Afirka ta Kudu. Wanda ya san halin giwan ruwa ya san rabin halinsa: mafarauci ne, yana laɓewa cikin ciyawa, ko gindin kututture, ko bayan dutse, da zarar ɗan kifi ko kwaɗo ya gifta sai ya zabura ya haɗiye. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo 1 ko 2 ba, amma idan ƙugiya ta shige shi yakan yi tsalle bisa ruwa yana girgiza kai, kuma wannan kokawar ita ce abin da masu fatsa ke kashe kuɗinsu a kai.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. A shekarar 1972 wani saurayi mai suna Johnny Morris ya fara sayar da kayan fatsa a wani ɗan lungu na kantin mahaifinsa, a garin Springfield na jahar Mizuri. Wannan lungu shi ya zama kamfanin Bass Pro Shops, wanda ya bunƙasa har ya saye abokin gasarsa Cabela's a 2017. Sabon shiga da ya taka irin waɗannan kantuna zai tarar da bango guda an lulluɓe shi da koto iri-iri, kowanne da launi goma ko ashirin, kowanne takardarsa na cewa shi ne maganin bas. Guda ɗaya yakan kai dalar Amurka 10 ko fiye, kuma dalar can ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce. Tsofaffin masu fatsa na can sukan yi ba'a cewa koto da yawa mai saye yake kamawa tun kafin ya ga kifi. Sau da yawa mutum kan cika akwati da kayan ƙyalli, ya yini bakin ruwa bai kama ko ɗaya ba, ya koma gida ya jingine sanda ya ce su ba rabonsa ba ne, alhali kuwa zaɓin ne ya ɓaci tun daga kanti.

Tarihin koton ƙarya kansa yana nuna inda ya kamata a fara. Labarin da ake bayarwa game da James Heddon, wani mai kiwon zuma a jahar Mishigan, shi ne ya sassaƙa ɗan itace a bakin wata madatsa, ya jefa ruwa, sai ga bas ya kai masa hari. Daga nan ya shiga sassaƙar koto, kuma zuwa 1902 iyalinsa sun mai da abin kasuwanci. A ƙasar Finlan, Lauri Rapala, masunci talaka, ya lura cewa babban kifi in ya faɗa cikin garken ƙanana, wanda ke tangaɗi saboda rauni shi yake ɗauka. A 1936 ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, irin wanda ake toshe kwalba da shi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya yi ta gyara har ya samu wannan tangaɗin. A 1949 kuma Nick Creme, a garin Akron na jahar Ohayo, ya narka roba a gida tare da matarsa suka zuba tanar roba mai laushi. Dukansu uku kifi suka fara karanta, sannan suka ƙera abin yaudararsa.

Saboda haka, kafin sabon shiga ya sa hannu aljihu, sai ya san ruwan da zai je. Abu na farko zurfi: kifin yana kusa da sama ne, ko tsakiya, ko kwance a ƙasa? Kowane koto da zurfin da yake aiki, kuma wanda ya wuce mita 2 bisa kan kifin da ke kwance a ƙasa sau da yawa banza ya wuce. Na biyu maɓoya: ciyawa ce, ko itatuwan da ruwa ya ci, ko duwatsu? Na uku zafin ruwa. Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, bas kan yi nauyin jiki, ba ya bin abu mai gudu, sai an ajiye masa a gaban baki. Bayan hunturu, idan ruwa ya kai wajen digiri 16 zuwa 20, yakan matso gaɓa domin yin ƙwai, namijin ya tsaya gadin sheƙa yana kai wa duk abin da ya kusato hari. Da tsananin zafi kuma yakan nemi inuwa ko zurfi, ya fito farauta da asuba da almuru. Na huɗu, ruwan garau yake ko gurɓatacce?

Wanda ya amsa waɗannan tambayoyi zai ga bangon kantin nan ya ragu zuwa gida biyar. Na farko, kuma wanda ya fi dacewa da mai koyo, shi ne tanar roba. Ita ce mafi araha, ana sayar da ita da yawa cikin leda ɗaya, saboda haka in ɗaya ta maƙale a kututture asarar kaɗan ce. Akwai wani ɗauri da ake kira ɗaurin Tekzas: a zura ƴar dalma mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, a soka ta a kan tanar, sannan a mai da tsinin a binne shi cikin jikin robar. Da haka tana shiga ciyawa da rassa ta fito ba ta sarƙe ba, wato tana isa daidai inda kifin yake zaune. Ana jefa ta, a bari ta nitse, a ɗaga sanda sannu, a sake bari ta faɗi. Cin kifin ba ya zuwa da hayaniya: ɗan taɓi ne kamar an ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya, ko a ga zare ya kama tafiya gefe shi kaɗai. A nan ake fizge sanda sama da ƙarfi domin tsinin ya huda robar ya shiga bakin kifi. Wanda ya iya wannan ya koyi jin ƙasan ruwa da hannunsa, kuma wannan ilimi zai bi shi ga kowane koto.

Na biyu shi ne mai cokali: waya ce lanƙwasassa mai hannu biyu, na sama ɗauke da faifan ƙarfe ɗaya ko biyu masu juyawa, na ƙasa ɗauke da dalma da ƙugiya da gezar roba. Aikinsa jifa da naɗe zare kawai. Faifai mai faɗi ya fi girgiza ruwa, siriri mai kamar ganye ya fi walƙiya. Da yake wayar tana kare tsinin ƙugiya, ba ya yawan sarƙewa, kuma yana da amfani ranar iska ko gajimare, ko kuwa idan ana son a binciki wuri mai faɗi cikin ɗan lokaci.

Na uku shi ne ɗan kifi mai leɓe, jikan na Rapala. Leɓen da ke gabansa shi ke sa shi nitsewa da tangaɗi idan an ja shi: gajeren leɓe yana tafiya cikin mita 1 ko 2, dogon leɓe kan kai mita 5 ko fiye. Amma yana ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku waɗanda ba su ga maciji da ciyawa, kuma ya fi tsada. Mai koyo ya ɗauki mai gajeren leɓe guda ɗaya, ya yi aiki da shi wajen duwatsu da sararin ruwa.

Na huɗu shi ne mai yawo bisa ruwa, wanda ke kwaikwayon kwaɗo ko ɗan kifin da ke shure-shure. Lokacinsa asuba da almuru, a ruwa mai ɗumi kuma kwantacce. Babu koton da ya kai shi daɗin kallo, gama kifin kan fasa ruwa a gaban idon mutum. A nan kuma sababbi suka fi yin asara: suna fizgewa da ganin fantsamar ruwa, su cire koton daga bakin kifi. Ƙa'ida ita ce a dakata har hannu ya ji nauyi. Na biyar, mai kan dalma da geza, wanda ke rarrafe a ƙasa kamar wata halitta dangin ƙaguwa da bas ke so ƙwarai, yana kama manya, amma yana son hannun da ya riga ya goge. A bar shi sai tanar roba ta zauna.

Maganar launi ita ce ta fi cin kuɗin mutane, alhali ta fi sauƙi. Binciken masana ya nuna idon bas ya fi rarrabe ja da kore, kuma yana wahalar bambanta shuɗi da baƙi. Bugu da ƙari, yana da wata jijiya a tsawon gefen jikinsa wadda yake jin motsin ruwa da ita ko cikin duhu. A ruwa garau, inda Hausawa ke cewa kifi na ganinka mai jar koma, sai a zaɓi launin da ya yi kama da abincinsa, kore mai duhu ko ruwan ƙasa, da siririn zare, mutum kuma ya rage motsi a gaɓa. A gurɓataccen ruwa sai baƙi, wanda ke fito da siffa sosai, ko fari mai haske, tare da koto mai girgiza. Launi biyu ko uku sun ishi shekara guda.

Ke nan jarin farko bai wuce leda biyu na tanar roba mai tsawon santimita 12 zuwa 15, ɗaya kore ɗaya baƙa, da ƙugiyoyinsu da dalma mai giram 5 zuwa 7, da mai cokali fari guda ɗaya, da mai gajeren leɓe ɗaya, da mai yawo bisa ruwa ɗaya. Duka suna shiga ƙaramin akwati. Abin da ya rage na kuɗi ya fi amfani a zare mai kyau, domin koto mai tsada a ruɓaɓɓen zare kyauta ce aka kai wa kifi.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ranar 2 ga watan Yuni na 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya fita neman abin miya a tafkin Montgomery na jahar Jojiya. Da ɗan kifin itace ya kama bas mai kilo 10 da ƴar ɗoriya. Aka auna shi a gidan waya, aka kai shi gida, iyali suka cinye. Shekara 77 ana ƙera sababbin koto, ana gasa ta miliyoyin daloli, ba a samu wanda aka amince ya kai shi ba, sai a 2009 da Manabu Kurita ya kama makamancinsa a tafkin Biwa na Japan, aka ce sun yi kunnen doki. Shi kuwa Kurita da ƙaramin kifi mai rai ya kama nasa, irin koton da masuncin Tabalak ya sani.

Akwai kuma hukuma a cikin lamarin. A Amurka kowace jaha tana da takardar izinin su, da ƙa'idar tsawon kifin da aka yarda a ɗauka da adadinsa, kuma wanda ya jefa ƙugiya ba takarda yana iya shan tara. Wata doka ta 1950 ta ware harajin kashi 10 cikin 100 da ake karɓa a kan kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jahohi domin kula da ruwaye da kifayensu. Wato kowane koton da aka saya yana biyan wani abu ga tafkin da za a jefa shi. Ƙungiyar masu neman bas da Ray Scott ya kafa a 1968 ta fara, tun 1972, kira ga masu gasa su mai da kifi ruwa da ransa bayan an auna, kuma wannan ya zama al'adar yawancin masu fatsar bas. Koton ƙarya yana taimakawa a nan, gama kifi ya fi kamuwa da shi a leɓe, ba kamar koto mai rai da yakan haɗiye har ciki ba.

Shawarar da ƙwararru ke ba sabon shiga ita ce ya ɗauki koto ɗaya ya yini da shi, ko da bai kama kome ba da safe, ya canza wuri da zurfi da saurin ja kafin ya canza koton. Idan ya kama, ya riƙe lokacin, da yanayin ruwa, da inda kifin ya fito. Bayan wata biyu ko uku zai koma kanti ya san abin da ya rasa, ya nemi shi kaɗai, ya biya, ya fita.