Shakazoban Tsohon Babur da Ƙashin Bayan Mai Shi

Har yanzu akan ci karo da tsohon babur ƙirar Honda CD175, wanda aka fi sani da Benli, a titunan Kano ko Zariya, galibi a hannun wani dattijon malami ko ɗansa da ya gada. An ƙera irinsa ne tsakanin 1967 da 1979. Injinsa ya yi ƙarko, amma shakazoba biyun da ke baya ba su da irin wannan tsawon rai. Idan ranar sauyi ta zo, abin da aka saba gani shi ne mai babur ya shiga kasuwar kayan gyara, ya danna wannan ya danna wancan, ya ɗauki wanda ya fi tauri da ƙyalli, yana ganin ya sayi ƙarfi. Wannan kuskure ne, kuma jikinsa ne zai biya.

Abin da ake kira shakazoba abubuwa biyu ne a haɗe, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne sifirin ɗin da ke nannaɗe a waje. Robert Hooke na Ingila ya bayyana ƙa'idarsa a 1678, wato gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lotsawarsa. (Shi ne dai mutumin da ya leƙa ɓawon itace ta madubin ƙara girma, ya raɗa wa 'yan ɗakunan da ya gani sunan da masana ke kiran ƙwayar halitta da shi tun 1665.) Sai dai sifirin ajiya kawai ya iya: duk bugun da ya karɓa daga rami, mayar da shi zai yi. Na biyun shi ne bututun da ke ciki, inda fistin ke tura mai ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Matsuwar da man ke yi ita ke cinye ƙarfin bugun, ta mayar da shi zafi. Idan man ya tsiyaye ko ya lalace, babur zai riƙa tsalle kamar ɗan akuya, komai kyan sifirin ɗinsa.

Ɗalibin ilmin halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ƙafarsa ma haka take. Agarar da ke bayan dunduniya tana miƙewa ta ajiye ƙarfi ta sake shi, tsoka kuma tana shanye rarar. To amma wanda ke zaune a kan babur ya ɗauke wa ƙafafunsa wannan aiki. Bugu yakan bi ta sirdi ya shiga ƙugu, daga nan ya haura ƙashin baya, inda faya-fayan guringuntsi 23 da ke tsakanin gaɓoɓinsa suke tarbarsa. Bincike a kan direbobi ya nuna cewa jikin mutum a zaune ya fi jin girgizar da ke kai-komo sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya, kuma daɗewa a cikinta na da alaƙa da ciwon baya. Sifirin mai tauri fiye da kima ba ya lotsawa, saboda haka sai ya miƙa wa guringuntsi abin da ya kamata ƙarfe da mai su ɗauka. Haka nan tayar baya takan riƙa ɗagawa daga ƙasa a kan gargada, alhali tayar da ke iska ba ta jin birki.

Masu son tauri suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Babur a ƙasar nan yakan ɗauki maigida da uwargida da buhun masara. Sifirin mai laushi zai durƙushe har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Amma maganin wannan shi ne awo. A hau babur da nauyin da ya saba ɗauka, a duba yadda ya lotsa. Idan ya cinye tsakanin rubu'i da sulusin tazarar da shakazoban ke iya tafiya, an dace. Zoben nan mai hawa-hawa da ke gindin sifirin, wanda makanikai ke murɗawa, tsayin zaman babur yake gyarawa, ba ya sauya taurin ƙarfen.

Tsawo ma abin lura ne. A auna tsohon daga tsakiyar idon sama zuwa tsakiyar na ƙasa, a nemi daidai da shi. Wanda ya fi tsawo yakan ɗaga bayan babur, ya sauya ɗaurin sarƙa, ya kuma sa kan ya yi rawa a guje. Masu iskar naitirojin a ciki sun fi jure doguwar tafiya, domin matsin iskar na hana mai yin kumfa idan ya ɗau zafi, abin da ke da amfani a watan Afrilu.

Wanda aljihunsa bai kai sabo ba har ya koma ga na hannu, to ya duba sandar ciki ko akwai tsatsa ko danshin mai, ya duba robar da ke cikin idanun. Bayan an ɗaura, a danna sirdi da ƙarfi a saki: ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya. Kuma biyun ake sauyawa tare, ko da ɗaya ne ya mutu.