Raddi ga mai cewa "kashe fayawol ka gani"

Wata takarda ta faɗo hannuna, rubutun wani malami da ke koyar da matasa harkar netwok. Ya yi ta ne domin ɗalibansa masu haɗa ɗakin gwaji a gida: tsohuwar kwamfuta da aka ɗora wa Proxmox, pfSense a cikinta, sai rautar kamfanin waya a bakin taga. Zan kawo maganarsa ba ƙari ba ragi. Wai idan na'ura ta kasa kaiwa ga 'yar'uwarta, a kashe fayawol gaba ɗaya. In abu ya tashi an kama mai laifi, in bai tashi ba an wanke shi. Wai ko an bar shi a kashe ba komai, tunda NAT na tsare gida. Wai kuma ranar da aka kunna shi, a toshe ICMP kaf don kada ɓarayi su gan ka. A taƙaice dai, malam ya koya wa yara su rushe katanga su koma gefe suna jiran ikon Allah.

Da'awar farko ita ce ginshiƙin sauran, ita ce kuma ta fi su lalacewa. Malam ya ɗauka fayawol makunni ne mai aiki ɗaya tak. A pfSense, injin da ake kira pf, wanda asalinsa daga OpenBSD ya fito, shi ke tace fakiti, shi ne kuma ke yin NAT. Ɗalibi ya rubuta pfctl -d, ko ya danna akwatin kashe tacewa a shafin saituna, to nan take NAT ya tafi tare da tacewar. Takardun Netgate, kamfanin da ke riƙe da pfSense, sun faɗi wannan ɓaro-ɓaro, kuma gargaɗin yana rubuce a gefen akwatin ga duk mai ido. Yanzu kwamfutar da ke bayan pfSense tana fitar da fakiti da adireshinta na cikin gida, rautar da ke gaba ba ta san hanyar mayar mata da amsa ba, intanet ya ɗauke ɗif. Me yaron zai karanta a wannan sakamako? Bisa ƙa'idar malam, ya kashe bai yi ba, saboda haka fayawol ba shi da laifi. Alhali mai yiwuwa dokar da ya rubuta a karkace tana nan zaune, ya dai ƙara mata matsala ta biyu ne a kai. Wannan wace irin shari'a ce, da alƙali zai kori shaida sannan ya ce babu hujja?

To mu ɗauki ɗaya ɓangaren, inda aka kashe abu kuma ya tashi. Ga misali da duk mai ɗakin gwaji zai ci karo da shi. Kwamfuta tana da katin netwok biyu, ko an saka mata mafita da ba tata ba. Fakitin buɗe magana, wato SYN, ya bi wata hanya, amsarsa ta dawo ta cikin pfSense. Shi pf yana riƙe da jadawalin duk hirar da ya ga farkonta. Wannan bai ga farkonta ba, sai ya yar da amsar. A rajista za ka ga layi da jan alama, an toshe shi da dokar hani ta asali, a ƙarshensa an rubuta TCP:SA. Kashe fayawol, abu ya tashi, don babu mai duba jadawalin kuma. Sai yaro ya tabbata dokokinsa ne, ya kunna, ya rubuta doka mai barin kowa zuwa ko'ina, abu ya ƙi, domin dokar wucewa ta TCP fakitin farko take kallo. Ya kwana yana goge doka yana sake rubutawa. Cutar tana cikin zaɓin hanya, malam ya tura shi neman magani a wani sashe dabam. Haruffa biyu a rajista sun isa su nuna masa wurin, da an koya masa karatunsu.

Kuma wanne fayawol ma ake nufi? A ɗan ƙaramin ɗakin gwajin da malam ya zana da hannunsa akwai na pfSense, akwai na Proxmox, akwai na cikin kowace na'ura. Windows, yadda yake zuwa, ba ya amsa ping daga waje, sai ka ga yaro ya birkita rauta gaba ɗaya alhali kwamfutar ce ta yi gum da bakinta. A Ubuntu kuwa abin juyewa yake: mutum ya rufe ƙofa da UFW, Docker ya shigar da nasa dokokin cikin iptables ya buɗe ta ba sallama. Malam bai ambaci ko ɗaya ba. Bai ambaci cewa sabon sashe ko sabuwar VLAN a pfSense tana zuwa babu doka ko ɗaya, komai a toshe, amma DHCP na aiki, shi ya sa na'ura ke samun adireshi lafiya lau sannan ta kasa motsi. Bai ambaci akwatin toshe adireshin cikin gida da ke kan WAN ba, wanda ke hana duk abin da ya fito daga zangunan RFC 1918 na 1996, wato 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, ga shi kuwa ɗalibansa duka a bayan wata rauta suke, WAN ɗinsu a cikin zangon yake. Cire alama ɗaya ce maganin. Haba malam!

Abin da ya kamata a koya wa yaro shi ne ya saurari yadda abin ya gaza. In an ƙi haɗin nan take, galibi fakiti ya isa ne ya tarar babu mai sauraro a ƙofar. In shiru ne har lokaci ya ƙare, wani ya haɗiye shi a hanya ko bai san hanya ba. In ping zuwa 8.8.8.8 na tafiya amma suna ba ya buɗewa, a duba DNS da ƙofa ta 53. Sannan a kunna tcpdump a bakin shiga da bakin fita: ya shigo bai fita ba, a nan ya mutu, bai shigo ba sam, a koma ga waya da lambar VLAN. Wannan manhaja tun 1988 take hannun mutane, ta girmi yawancin ɗaliban. Da ita ake gane irin cutar katin VirtIO a Proxmox, inda ping ke tafiya amma TCP ya yi ta jan ƙafa sai an kashe lissafin checksum na kati, cutar da babu ruwanta da kowace doka.

Sai batun NAT. A nan malam yana da ɗan abin kamawa, ba zan hana shi ba. Layukan waya da Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, sukan ajiye mutum a bayan CGNAT, wato NAT na kamfanin sadarwar kansa, kuma akwai zangon 100.64.0.0/10 da RFC 6598 ta ware wa wannan aiki a 2012. Daga waje ba a kai wa gare ka kai tsaye ta IPv4, shi ne ma dalilin da buɗe ƙofa ke ƙin aiki har a ɗora wa fayawol laifin. Amma IPv6 fa? Inda aka ba da shi, kowace na'ura adireshin duniya take samu, babu NAT a tsakani, tacewa kaɗai ke tsaye. Kuma wa ya ce ɓarna daga waje kawai take zuwa? WannaCry, a watan Mayu na 2017, ta ƙofa ta 445 ya riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa maƙwabciyarta. Mirai a 2016 kyamarori da rautoci masu kalmar sirri ta kamfani ya kwashe. Ɗakin gwaji kuwa shi ne wurin da ake ajiye na'ura mai rauni irin Metasploitable da gangan, a gida ɗaya da wayar uwargida da take shiga banki da ita.

Toshe ICMP kaf kuwa, abin ma da ban dariya. RFC 1191 ta 1990, mai gano girman fakitin da hanya za ta iya ɗauka, ta dogara ne kan saƙon ICMP mai cewa fakiti ya yi girma. Ethernet na ɗaukar byte 1500, PPPoE 1492, WireGuard yakan tsaya a 1420. Toshe saƙon, sai SSH ya shiga lafiya ya sandare da zarar rubutu ya yi yawa, shafi ya buɗe rabi ya tsaya. A IPv6 ko maƙwabci ba a ganewa sai da ICMPv6, RFC 4890 ta jera waɗanda ba a taɓawa. Mai binciken ƙofofi kuma, nmap -Pn zai rubuta ya wuce, ko ka amsa ping ko kar ka amsa.

Akwai wata shawara a ƙasan shafi, wai bayan kowane canjin doka a kashe na'ura a kunna. Tsofaffin hirarraki ne ke maƙale a jadawali, kuma akwai maɓallin share su a sashen Diagnostics.

Ta ƙarshe, wai in duk ya ƙi a goge pfSense a sake ɗorawa. Wannan ban ga abin da zan ce a kanta ba.