Ƙafa Ɗaya, Aiki Da Yawa: Darasi Daga Maƙogwaro

Duk ɗalibin da ya taɓa ƙwarewa yana cikin cin tuwo ya ɗanɗana wata matsala da ta daɗe tana damun masu ƙera na'urori. Iska da abinci hanya ɗaya suke bi a maƙogwaro kafin su rabu. Idan mutum zai haɗiye loma, sai wani ɗan murfi na guringuntsi ya rufe bututun iska, ƙwaƙwalwa kuma ta tsayar da numfashi na ɗan lokaci. Hanya ɗaya ce, amma akwai mai raba lokaci. In ya yi kuskure, sai tari da hawaye.

Haka abin yake ga firosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar hannu da sauran ƙananan na'urori. Ayyukan da take iya yi sun fi ƙafafunta na ƙarfe yawa, domin ƙarin ƙafa ƙarin girma ne da ƙarin kuɗi. Saboda haka sai aka ɗora wa ƙafa ɗaya ayyuka da dama. Alal misali, ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fito a Ingila a 2012, nau'o'inta na baya-bayan nan suna da ƙafafu 40 a jere. Ƙafa ta 3 da ta 5 suna iya karɓo bayani daga ma'aunin zafi da danshi, suna kuma iya zama makunni kawai. Amma taura biyu ba ta taunuwa.

To, wa zai raba gardama? A manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kuma wayoyin Android suke tsaye a kanta, da can kusan kowane kamfani yana da tasa dabarar. Sai wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Linus Walleij, ya rubuta tsari guda mai suna pinctrl, wanda ya fito cikin Linux 3.2 a watan Janairun 2012. Mazauninsa kenel, watau cibiyar manhaja. Ana rubuta taswirar da ta nuna ƙafafun da kowane aiki yake bukata. Direba, ƙaramar manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'ura, sai ya nemi ƙafafunsa daga cibiya. Idan wani direba ya riga ya riƙe su, sai a hana na biyun, a kuma rubuta dalili.

Ga inda nake da magana da malamai 'yan'uwana. Akwai hanyar ratse: a tsallake cibiya, a umarci ƙafa kai tsaye. Tana da sauƙi, fitila tana kamawa nan take, ɗalibai su tafa. A ganina bai kamata mu tsaya nan ba.

A ce wata ɗaliba a Maiyama ta haɗa na'urar lura da danshi a rumbun albasar mahaifinta, ta sa ma'auninta a ƙafa ta 3 da ta 5. Abokin aikinta kuma ya bi ta ratse, ya ɗauki ƙafa ta 3 domin kunna fanka. Ma'auni zai daina magana, kuma babu mai gaya musu dalili. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da albasa danshi suke so, kuma ba sa jiran a gyara na'ura. Kafin a farga, wahalar rani guda ta tafi, babu abin kaiwa kasuwar Aliero ko ta Jega.

Wani zai ce makarantar da ba ta da lantarki ina ita ina kenel? Amsata ita ce, farkon wannan darasi allo da alli kawai yake bukata. A zana jadawali: lambar ƙafa, ayyukan da take iya yi, da wanda ya riƙe ta. A raba ɗalibai, wasu su zama direbobi, ɗaya ya zama cibiya mai bayarwa da hanawa.

Tun 2006 muke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Fatana shi ne ɗalibin da zai shigo ta daga makarantunmu ya zo da wannan tambaya a bakinsa kafin ya jona kowace waya: wannan ƙafar, a hannun wa take?