RA'AYINMU: Amanar Makiyayi Tun Daga Aji Take Farawa

A kowace shekara, idan aka gama jarrabawar ƙarshe, 'yan'uwanmu ɗalibai sukan watsu neman abin yi. Wasu su nufi sakatariya da takardunsu a hammata, wasu su koma sana'ar iyayensu, wasu kuwa su zauna zaman jiran tsammani. Amma akwai 'yan kaɗan da sukan ɗauki wata hanya dabam, watau su ce sun ji kiran Ubangiji, za su shiga makarantar tauhidi domin su zama fastoci, ko masu bishara, ko limaman Katolika. Akwai kuma waɗanda tun daga sakandare suka wuce can kai tsaye, sa'o'inmu ne, tare muka yi wasan ƙasa. A kansu ne mujallar nan take so ta yi magana a wannan fitowa.

Watakila wani ya ce, ina ruwan mujallar ƙungiyar ɗalibai da wannan batu, alhali kuwa masu karanta ta sun haɗa Musulmi da Kirista? Amsarmu ita ce, a garin Kaduna maganar mai wa'azi ba ta tsayawa a bakin ƙofar majami'a ko ta masallaci. Saurayin da yake zaune a aji yau, nan da shekara goma shi ne zai tsaya gaban jama'a a Sabon Tasha ko Narayi, ɗaruruwan mutane su yi tsit suna sauraronsa. Abin da zai faɗa musu ranar da gari ya yi zafi, shi zai sa su koma gida ko su fita titi. Saboda haka irin amincin da yake riƙewa tun yanzu al'amari ne da ya shafi kowa, har da wanda bai taɓa taka majami'a ba.

Sai mu fara duba garken da yake jiransa. Unguwannin da suke hayin kogi ta kudu, masana'antu ne suka raya su. A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙu suka biyo baya, sa'an nan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai kuma a 1980. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ƙasar Kudancin Zariya, da Filato, da Binuwai, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, suka zauna tsakar gida ɗaya da Hausawa da Nufawa da Yarbawa. Da Hausa ake ciniki, da Hausa kuma yawancin Kiristan cikinsu suke yin sujada. Yau labari ya sha bamban. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, magidanta da yawa suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Rikicin da ya ɓarke a watan Fabrairu da na Mayu na shekarar 2000, wanda aka ƙiyasta ya ci rayuka aƙalla 2,000, da kuma na watan Nuwamba na 2002, suka mai da kogin Kaduna tamkar iyaka, galibin Kirista suka tattara kudu, galibin Musulmi suka koma arewa. Unguwanni irin su Gonin Gora da Unguwar Romi suka cika da mutanen da suka baro gidajensu. Matan da suka rasa mazajensu, samari marasa aiki, iyalan da suka sayar da gona domin su fanshi ɗansu daga hannun 'yan bindiga, su ne za su zauna a gaban sabon fasto ranar Lahadi. Wanda zai ɗauki wannan kaya, ba a fafe masa gora ranar tafiya.

Jarrabawar da kowa ya fi sani ita ce ta tsoro. A daren 8 ga Janairu, 2020, 'yan bindiga suka shiga babbar seminarin Katolika ta Good Shepherd, wadda take daura da hanyar Abuja a bayan garin Kaduna, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo da rai kafin watan ya ƙare. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga diyosis ɗin Sakkwato, gawarsa aka samu. An binne shi a harabar makarantar ranar 11 ga Fabrairu, Bishop Matthew Hassan Kukah ne ya yi wa'azi a wurin jana'izar. Bayan 'yan watanni jaridu suka ba da labarin cewa ɗaya daga cikin waɗanda 'yan sanda suka kama ya ce yaron bai daina yi masa wa'azi ba duk kwanakin da ya yi a hannunsu. Ba a nan abin ya tsaya ba. A watan Oktoba na 2021 an sace ɗalibai uku a seminarin Christ the King da ke ƙasar Kafanchan, aka sako su daga baya. A daren 7 ga Satumba, 2023, wani ɗalibin seminari mai suna Na'aman Danlami ya rasu a cikin wutar da mahara suka cinna wa gidan Fada a Fadan Kamantan.

Muna girmama waɗannan samari, muna kuma girmama abokan karatunsu da suka koma aji bayan sun binne ɗan'uwansu. Amma fa kada jarumtakarsu ta zama mayafin da hukuma za ta rufe gazawarta da shi. Tsare ran ɗalibi a ɗakin kwanansa aikin gwamnati ne, ko ɗalibin seminari ne, ko almajirin tsangaya, ko yaran makarantar Bethel Baptist ta wajen Maraban Rido, waɗanda aka kwashe su 121 a ranar 5 ga Yuli, 2021.

Duk da haka, yawancin masu shirin aikin nan ba bindiga ce za ta gwada su ba. Abubuwan da za su gwada su ƙanana ne, na yau da gobe, ba wanda zai buga su a jarida, kuma su ne suka fi ka da mutum. Na farkonsu kuɗi ne. Limamin Katolika yakan yi shekara takwas ko fiye yana karatun falsafa da tauhidi kafin a naɗa shi. Ɗalibin makarantar fastoci sau da yawa magidanci ne, da mata da 'ya'ya, yana dogara ga ɗan abin da ekklisiyar ƙauyensu ta tara masa. A cikin waɗannan shekaru yana gani abokansa sun kama aiki, sun sayi babur, sun yi aure. A gida kuma ana yi masa gori, ana cewa an sayar da hatsi an biya masa makaranta, ga shi ya zaɓi aikin da ba ya kawo komai. Sa'an nan idan ya bi hanyar Kachia ya ga allunan sababbin majami'u jere, kowanne da hoton mai shi da alkawarin arziki cikin kwana bakwai, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ashe akwai gajeriyar hanya. Wanda ya buɗe majami'a kamar yadda ake buɗe shago, dole ya faɗa wa masu ciniki abin da suke so su ji, kuma talakan da ya rasa aiki a masaƙa shi zai biya kuɗin.

Maganin wannan tun a makaranta ake shan sa. Ɗalibin da aka ba shi ajiyar baikon zumuntar ɗalibai, ya rubuta kowane kwabo, ya karanta lissafin a gaban jama'a ba tare da an roƙe shi ba. Wanda ya ci bashin abokin ɗakinsa ya biya. Daɗin daɗawa, ya koyi sana'a. Manzo Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi domin kada ya zama kaya a kan masu bi. Fasto mai iya noma, ko kafinta, ko koyarwa, bakinsa a sake yake, yana iya duban mai kuɗin ekklisiya ko ɗan siyasar da ya kawo buhun siminti ana gobe zaɓe ya faɗa masa gaskiya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Abu na biyu shi ne karatun kansa. Akwai masu cewa tun da Ruhu ne yake ba da magana, wahalar littafi ba ta da amfani. Wannan lalaci ne aka sa masa rigar ibada. Ɗalibin tauhidi da ya shiga ɗakin jarrabawa da takarda a cikin safa, ko ya kwafo wa'azin wani Ba'amurke daga intanet ya karanta kamar nasa, ya riga ya ci amana tun ba a ba shi garke ba. Magabatansa ba haka suka yi ba. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan Dakta Walter Miller da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, sun shafe shekaru suna auna kalma ɗaya ɗaya. Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi da aka haifa a 1936, ta hanyar wasiƙa ya yi karatun jarrabawar GCE yana aiki, ya je Landan da Amurka ya yi digiri har na dakta, a 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar Kiristan bishara ta Afirka da Madagaska, kafin ya rasu a teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975, yana da shekara 39. Wanda yake zaune a Kagoro, ko Bukuru, ko Wusasa yau, wannan gādo ne a hannunsa. Ya dage da Helenanci da Ibrananci idan ana koyarwa, amma kada ya raina Hausa da harshen mahaifiyarsa, domin tsohuwar da take zaune a layin baya ba ta jin Turanci, ita ma kuwa tana cikin garken.

Abu na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi a garin nan, shi ne harshe da abin da zuciya ta ƙunsa. Da wuya a sami saurayi a kudancin Kaduna wanda bai rasa wani nasa a rikici ba, haka ma a Rigasa ko Tudun Wada. Wanda ya shiga makarantar tauhidi da wannan miki bai warke ba, zai fito da shi, ya kuma shafa wa duk mai sauraronsa. Mu ɗalibai ya kamata mu fi kowa sanin haɗarin wannan, domin rikicin watan Maris na 1987 a cikin harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi, tsakanin ɗalibai, a kan maganar wa'azi, cikin 'yan kwanaki kuma wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka rasa rayuka. Magana zarar bunu ce.

Akwai misali a garin nan da ya isa a koyar da shi a kowane aji. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana jagorantar matasa a ɓangarensa, kowanne yana ganin ɗayan abokin gaba. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta rikici tsakanin addinai a Kaduna, suka kuma taka rawa wajen Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna wadda shugabannin addini suka sa wa hannu a watan Agusta na 2002. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, babu wanda ya rage wa'azinsa. Riƙe bangaskiya da gaske bai taɓa bukatar zagin na maƙwabci ba. Saboda haka muna ba mai shirin aikin nan shawara ya riƙa ƙetare gada, ya ziyarci abokin karatunsa Musulmi ranar suna ko ranar makoki, ya ji abin da ya gaskata daga bakinsa, kada ya tsaya ga jita-jita. Haka kuma ya lura da ƙabilanci a cikin ekklisiyar kanta, inda akan ji ana tambaya ko sabon fasto Bajju ne, ko Atyap, ko Ham, tun ba a ji wa'azinsa ba.

Saura magana ɗaya da ba a cika son faɗarta ba. Ba duk wanda ya shiga ne aka kira ba. Wani bayan shekara uku ko huɗu zai gane cewa ba zai iya riƙe alkawarin zaman rashin aure ba, ko kuwa rashin aikin yi ne ya kai shi can tun farko. Irin wannan idan ya fito ya faɗi gaskiya, ya yi aminci, kuma ya fi wanda ya daure ya karɓi naɗi saboda kunyar dangi, sa'an nan ya zo yana lalata 'ya'yan mutane a ɓoye. Iyaye da dattawan ekklisiya su daina mai da shi abin nuni da baki.

Kiranmu ga shugabannin ekklisiyoyi shi ne su kula da cin ɗalibansu da kwanansu, su tace waɗanda suke ɗauka, su kuma sa darasin sanin addinin maƙwabta da na riƙon lissafin kuɗi a cikin manhaja. Ga 'yan'uwanmu matasa ma'aikatan gwamnati, waɗanda takardun tsaro da na ilimi suke bi ta teburinsu, muna tuna muku cewa fayil ɗin da aka bari ya kwana a aljihun tebur yana iya zama ran wani. Mu kuma da muke aji ɗaya da masu wannan niyya, kada mu yi musu ba'a, kada kuma mu ɗaga su sama tun ba su isa ba. Idan mun ga sun karkace mu faɗa musu, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ma'aunin da muka ɗora su a kai kuwa, shi ne za a ɗora mu a kai ranar da aka danƙa mana asibiti, ko kotu, ko baitulmali. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya zaunar da garinmu lafiya.